Tsohuwar lambar wasanni a cikin sulalla: kurakuran da ake ta maimaitawa

Mutum zai gaji akwatin tsofaffin sulalla, ya tarar da wani ƙarfe mai hoton ɗan tsere ko ɗan kokawa, babu adadin kuɗi a jikinsa. Wannan lambar yabo ce, ba kuɗi ba, don haka a daina wahalar nemanta a kundin sulalla.

Babbar ɓarnar ita ce wanki. Kafin ma a karanta rubutu sai a ɗauko lemon tsami, ko man goge haƙori, ko man goge ƙarfe, a dirje ta har ta yi ƙyalli. Haba! Duhun nan da ya kwanta a kan tagulla ko azurfa shi ne shaidar shekarunta, kuma in ya tafi ba ya dawowa yadda yake. Dirzar tana cinye siririn ruwan gwal da aka yi wa lambar, tana shafe ƙananan hatimai na maƙeri, waɗanda su ne za su faɗa maka asalinta. Ni dai ban wuce ruwan da aka tace da tattausan ƙyalle ba, shi ma dannawa nake yi, ban gogawa. In rubutu ya ƙi fitowa, kashe fitila, ka haska tocila daga gefe, inuwa za ta fito da haruffan.

Na biyu, a kalli fuska da baya a manta da baki, wato gefen da ya kewaye lambar. Lambobin da gidan buga kuɗi na Paris ya yi suna ɗauke da sunan ƙarfen a bakinsu, BRONZE (tagulla) ko ARGENT (azurfa), tare da ɗan hatimi: kudan zuma daga 1860 zuwa 1879, ƙaho cike da 'ya'yan itace daga 1880 zuwa yau. Ka ga ke nan lamba mai ƙaho da ta ce 1850 sabon bugu ce. Azurfar Ingila kuwa tana da hatimin zaki mai tafiya, alamar kashi 925 cikin 1000, sai hatimin gari (anga ta Birmingham, kan damisa na Landan), sai harafin shekara. In ka ga 375, zinare ne mai karat 9. In ka ga EPNS, ruwan azurfa ne kawai a kan wani ƙarfe.

Sai masu ganin ganyen zaitun su ce ta Olamfik ce. Ku dakata. Maƙera sun sayar da fuska iri ɗaya ga makarantu da barikoki da ƙananan kulob barkatai, kowa ya sa a zana nasa sunan a baya. Zobban nan biyar na Olamfik sai a 1913 aka ƙirƙiro su, don haka lambar da ta haɗa su da 1908 ƙarya take yi. A Olamfik ta Athens a 1896 azurfa aka ba wanda ya zo na ɗaya, kuma rabon da a ba da zinare zalla tun Stockholm 1912. Ko lambarka ta tabbata ta Olamfik ce, galibi ta halarta ce, wadda aka raba wa ɗimbin mahalarta.

Shekarar da aka buga tare da zanen sau da yawa ta kafa ƙungiya ce. Wadda aka zana da hannu daga baya ita ce ta gasar.

Kada ka kankare ta don gwada ƙarfe. Auna ta a sikeli mai nuna 0.01 na giram. Ɗora kofin ruwa a sikelin, mai da shi sifili, ka rataya lambar da zare ta nutse ba tare da ta taɓa gindi ba. Raba nauyin farko da adadin da sikelin ya nuna yanzu: wajen 10.3 azurfa ce, wajen 8.8 tagulla. In maganaɗisu ya kama ta sosai, ba azurfa ba ce.

Layin haɗi a baki da ƙananan ramuka a fuska alamar zubi ne, a yi zargin kwafi. Zoben ratayawa da tsohon ƙyallen da ke jikinta, komai tsufansa, a bar su yadda suke. Leda mai laushi ta PVC kuwa tana sa wa tagulla kore mai danƙo, a ajiye lambar a ambulan ɗin takarda marar asid, a rubuta faɗinta da nauyinta a kai.