Yadda na gyara zafin kwamfutata a buɗaɗɗen kes

Alhamdulillah, yau dai na huta. Wata biyu ke nan da na kwashe kayan kwamfutata daga rufaffen kes na ɗaura su kan buɗaɗɗe, irin mai firam ɗin ƙarfe zalla babu murfi, a tunanina ai iska ta wadata. Ina! Da na fara haɗa bidiyo, ko minti goma ba a yi sai gudun furosesana (ƙwaƙwalwar kwamfutar), Ryzen 7 5800X, ya faɗo, komai ya riƙa tafiyar hawainiya.

Na sake shafa man kan furosesa, na hure ƙurar radiyetar kular ruwan da ke sanyaya shi (ƙurar Kano kuwa ba sai an faɗa ba), duk a banza, shi furosesan ma digiri 72 kawai yake nunawa.

Sai da na buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan kwamfuta, na gangara ƙasa na ga VRM (ɓangaren da ke ba furosesa wuta, yana gefen soket ɗinsa a kan madabod, wato babban allon kwamfuta) ya haura digiri 105, shi ya sa gudun ke faɗowa. Ashe kular ruwa ce ta ja min, ita kan furosesa kaɗai take sanyayawa, a tsohon kes fankokin gaba da baya ne ke kora iska ta kan madabod, yanzu kuma babu mai hura wa wajen komai.

Abin da na yi: na samo fanka 120mm na ɗaure ta a firam da igiyar roba, fuskarta na kallon ƙarafunan VRM da ke gefen soket, tazarar kamar yatsa huɗu. Na jona ta a SYS_FAN (wajen jona fanka a madabod), na shiga BIOS (saitin madabod) na mai da ita PWM, wato tsarin sarrafa gudun fanka, na sa gudunta kashi 50 a digiri 50, kashi 100 a digiri 70. Ka duba kibiyar jikin fanka mai nuna inda iska ke fita, ni da farko a juye na ɗaura.

Yanzu awa biyu ina aiki VRM bai wuce 78 ba. Godiya ga ƙanina da ya riƙe min tocila.