Yadda malaman Yahudawa ke auna magana kafin a ambaci aibin mutum

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa muddin magana gaskiya ce, ba laifi a faɗe ta. A shari'ar Yahudawa abin ba haka yake ba. Musa ɗan Maimun, babban malaminsu da ya rasu a Masar a 1204, ya kasa laifin harshe gida uku. Akwai rekilut, wato annamimanci: ka je ka ce wa mutum ga abin da wane ya ce a kanka. Akwai lashon hara, faɗin aibin mutum a bayan idonsa alhali da gaske yana da aibin. Sai motsi shem ra, ƙazafi. Na tsakiyan ne ya fi cin mutane, domin mai yinsa yana ganin kansa a kan gaskiya. Tushen hanin yana cikin Attaura, Littafin Firistoci 19:16, kuma Talmud, babban kundin koyarwar malamansu na dā, ya ce irin wannan magana mutum uku take kashewa: mai faɗa, mai sauraro, da wanda ake yi da shi.

Amma ita wannan ayar, a ƙarshenta, ta hana mutum zuba ido ɗan'uwansa ya halaka, saboda haka shiru ma wani lokaci laifi ne. To yaushe ke nan za a buɗe baki? Wani malaminsu, Rabbi Isra'ila Meir Kagan na garin Radin, a Belarus ta yau, ya jera sharuɗɗa bakwai a littafinsa Hafes Hayim na 1873. A ɗauka ka san wani ɗan kasuwa ya cuci abokin cinikinsa.

Da farko ka tabbatar da abin da kanka. In ji ka yi, sai ka bincika; "an ce" ba ya isa. Bayan nan ka natsu ka duba ko cuta ce da gaske a shari'ance, don wataƙila akwai yarjejeniya tsakaninsu da ba ka sani ba. Sa'an nan ka same shi shi kaɗai, ka yi masa magana cikin lumana. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, domin ya fi sauƙi ka faɗa wa mutum goma da ka fuskanci mutum ɗaya.

In bai gyara ba, ka faɗi abin daidai yadda yake. Ƙarin gishiri, ko ɓoye wani uzurin da zai rage masa laifi, yana mai da maganar ƙazafi. Niyyarka ta zama ceto wanda aka cuta. In akwai tsohuwar ƙiyayya tsakaninku, ko ka ji daɗi yana tashi a ranka, ba kai ne ya dace ka faɗa ba. Ka kuma duba ko akwai hanyar da za ta biya buƙata ba tare da tona shi ba. Na ƙarshe shi ne awo: kada ɓarnar da maganarka za ta jawo masa ta wuce hukuncin da kotun addini za ta yanke. Wanda ya ci kuɗin mutum ɗaya biya ne a kansa, ba rufe shagonsa har abada ba. A nan ne saka magana a Facebook ko zauren WhatsApp ke faɗuwa, tunda ba mai iya tsai da ita a kan waɗanda suke buƙatar ji.

Akwai kuma abin da suke kira ƙurar gulma, wadda ba a faɗi aibi ba amma an nuna shi. "Bar maganar wane, ba na son in ce komai." Ko yabon mutum a gaban maƙiyansa, wanda kowa ya san sukarsa zai jawo.

Mai sauraro shi ma da nasa aikin. Ya sauya zance, ko ya tashi. In ba hali, ya ƙudura a ransa cewa bai gaskata ba. An yarda ya yi hattara don kare kansa, misali ya jinkirta ba da bashi har ya bincika, amma ba a yarda ya wulaƙanta mutumin ko ya kai labarin gaba ba.

In kuwa bakin ya riga ya suɓuce, azumin Yom Kippur, ranar da Yahudawa ke neman gafarar zunubai duk shekara, ba ya kankare haƙƙin mutum sai an nemi yafiyarsa, kuma ana zuwa har sau uku in ya ƙi. Matsalar ita ce idan bai ma san an yi da shi ba. Kagan yana ganin in maganar ta cutar da shi, dole a je a faɗa masa. An ruwaito cewa wani malamin, Rabbi Isra'ila Salanter, bai yarda ba, yana ganin ba ka da ikon ƙona ran mutum don kai ka wanke kanka. Shi ya sa malamai da yawa a yau ke ba da shawarar a nemi yafiya a dunƙule, a kuma koma wurin waɗanda suka ji maganar a gyara masa suna.