Kafin ka biya kuɗin sabuwar kwamfutar aiki, bincika ko yaren da kake rubuta manhaja da shi ya san ta

Kwamfutar da aka kawo Garwa, Marwa ko Injamena daga Duwala ko Dubai ba ta komawa. In ta ƙi aikin da aka saye ta dominsa, sai dai a zauna da ita. Abin da ya fi kama masu rubuta manhaja kuwa ba lalacewar na'ura ba ne: na'urar lafiyarta ƙalau, kayan aikin yaren ne ba su iso ta ba tukuna, kamar sabon babur da kayan gyaransa ba su shigo kasuwa ba.

Dalilin jinkirin shi ne yare ba abu ɗaya ba ne. Akwai kamfaila, wato manhajar da ke harhaɗa abin da ka rubuta ya zama abin da furosesa ke ganewa, ko injin da ke gudanar da shi, akwai fakitocin da wasu suka rubuta da C, C++ ko Fortran, akwai direbobi, kuma kowanne da ranar fitowarsa. Apple ya fitar da furosesarsa M1 ta kwamfutocin Mac a Nuwamba 2020. Python 3.9.1 ya biyo shi a Disamba, Go 1.16 a Fabrairu 2021, Node.js 16 a Afrilu, Java 17 a Satumba, .NET 6 sai a Nuwamba, shekara guda cif. SciPy ma, fakitin lissafi na Python, sai ƙarshen 2021 ya samu fakitin da aka harhaɗa wa M1, domin yana buƙatar kamfailar Fortran, ita kuwa ta makara. Wanda ya ga Python ya hau ya ɗauka an gama, ya yi watanni yana jiran abin da aikinsa ya dogara a kai.

Saboda haka binciken yana farawa ne daga jerin abin da kake amfani da shi, tun kafin ka ga na'urar. A tsohuwar kwamfutarka, in Python ne buga pip freeze ka ajiye jerin a fayil ɗin requirements.txt, in Node.js ne ka buɗe package.json, ka ware fakitocin da ke ɗauke da lambar C ko Fortran. Waɗanda aka rubuta da Python zalla ba su da matsala, ko'ina suna hawa. Sauran su ne abin dubawa.

Kana iya gwada su ba tare da sabuwar na'urar ba. Idan abin da ake tallata maka Windows ne mai furosesar Snapdragon X, irin waɗanda suka shigo kasuwa a Yuni 2024, buga wannan:

pip download -r requirements.txt --only-binary=:all: --platform win_arm64 --python-version 3.12 -d fakiti

Idan Mac ne, sa macosx_14_0_arm64 a gurbin win_arm64. Fakitin da ba a harhaɗa wa wannan na'ura ba, shi ne zai tsayar da aikin da saƙon "No matching distribution found", ka san sunansa tun kuɗinka na aljihu. Gwajin yana da gibi ɗaya: pip yana zaɓar wasu ƙananan fakitoci bisa tsarin kwamfutar da kake bugawa a kai, don haka in za ka sayi Windows, gwada daga Windows. Ga riba ta biyu kuma. Abin da ya sauka cikin jakar fakiti ka kwafe shi a filash, ka girka da pip install --no-index --find-links fakiti -r requirements.txt a kan na'urori nawa kake so, data sau ɗaya ka saya. Ɗakin kwamfuta na ɗalibai a Ngaundare ko Marwa mai na'ura ashirin ya kamata ya yi haka ko da babu maganar sabuwar furosesa.

In na'urar ta riga ta zo hannu, fara da sanin wace iri ce. A Linux da Mac uname -m zai ce x86_64, ko arm64, ko aarch64. Sannan tambayi yaren kansa:

python3 -c "import platform; print(platform.machine())"

A Mac, in na'ura arm64 ce amma Python ya ce x86_64, to ta hanyar kwaikwayon Rosetta 2 yake gudana, wanda ke sa manhajar Intel ta yi aiki a furosesar Apple. Umarnin sysctl -n sysctl.proc_translated yana ba da 1 idan tagar umarninka kanta a ƙarƙashin kwaikwayo take. Kwaikwayo ba laifi ba ne, yana fitar da mutum kunya, kuma Windows 11 yana da irinsa mai suna Prism. Inda ake shiga uku shi ne gauraya. Manhaja ɗaya mai gudana ba ta iya loda rabin x86_64 rabin arm64, shi ya sa ake ganin saƙon "incompatible architecture". Yawanci tushen abin Homebrew biyu ne, wato mai girka fakitoci a Mac, a na'ura ɗaya, na arm64 a /opt/homebrew, na Intel a /usr/local, wanda aka kwaso daga tsohuwar Mac lokacin ƙaura. Duba wanne ke gaba a PATH, jerin jakunkunan da tsarin ke neman umarni a ciki, goge muhallin venv ɗin aikin, inda fakitocinsa ke zaune, ka sake gina shi da Python guda. Kada ka kwafo venv ko node_modules daga wata na'ura, ko da abokin aikinka ya rantse suna aiki a tasa. A Docker kuwa, mai gudanar da manhaja cikin kwantena, alamar ita ce "exec format error", maganin wucin gadi --platform linux/amd64, tare da haƙurin jinkiri.

Katin hoto na NVIDIA shi ya fi cin kuɗin mutane, saboda a nan komai yana nuna kamar ya yi daidai. Direba ya hau, nvidia-smi ya nuna katin, PyTorch, fakitin Python mai lissafi a kan katin, ma ya ce ya gan shi, sai an fara lissafi ya faɗi da "no kernel image is available for execution on the device". Kowane zubi na katin yana da lambarsa, kuma dole a harhaɗa fakitin da CUDA, kayan lissafin NVIDIA, wadda ta san lambar. RTX 30 shi ne sm_86, daga CUDA 11.1. RTX 40 sm_89, daga 11.8. RTX 50 da ya fito a Janairu 2025 sm_120 ne, yana son 12.8, kuma PyTorch tabbatacce bai ɗauke shi ba sai siga 2.7 a Afrilu. Buga torch.cuda.get_arch_list() ka gani ko sm_120 na ciki. In babu, cire torch ka sake girkawa da --index-url https://download.pytorch.org/whl/cu128. Lambar CUDA da nvidia-smi ke nunawa a sama tana ruɗin mutane da yawa: iyakar abin da direba zai iya ɗauka ce, ba ita ce aka girka ba. A Linux, RTX 50 yana buƙatar direba 570 ko sama, kuma nau'in buɗaɗɗe. Saukarwar torch ɗin tana haura gigabayit biyu, don haka tabbatar da sigar kafin ka danna, ka kuma yi ta lokacin da wuta ta zauna. RTX 5090 shi kaɗai yana jan wat 575, ƙaramar na'urar riƙe wuta ta ofis ba za ta ɗauke shi ba.

Furosesar AMD ko Intel sabuwa ba ta ƙin aiki, tsohuwar lamba tana gudana a kanta. Abin da ake rasawa sauri ne. Zen 4 na AMD ya fito a Satumba 2022, sunansa znver4 kuwa ya shiga kamfailar GCC 13 a 2023, alhali Ubuntu 22.04 da GCC 11 yake zuwa. Buga gcc -march=native -Q --help=target | grep march. In ya kira tsohon suna kamar znver3, kamfailar ba ta san furosesar ba, tana daidaita lamba ne da awon wadda ta gabace ta. Ga mai rubuta manhajar shago ko asibiti bambancin bai kai a tayar da hankali ba. Mai lissafi mai nauyi ya koma Ubuntu 24.04 mai GCC 13, ko ya harhaɗa cikin kwantenar Docker mai sabuwar kamfaila, kada ya taɓa ta tsarin.

Haɗarin da ya fi kusa da mu ta ɗaya gefen yake. Ka harhaɗa da -march=native a sabuwar na'urarka, ka kai wa mai kantin magani da ke amfani da kwamfutar gwanjo, manhaja ta mutu da "Illegal instruction" tun ba ta buɗe ba. Umarnin AVX2 sai daga Haswell na 2013 ya fara a Intel, kuma Core na zubi na 2 da na 3 har yanzu suna cike ofisoshi. Abin da zai bar ɗakinka ka harhaɗa shi da -march=x86-64-v2, wanda GCC ya sani tun siga 11, ka ajiye tsohuwar kwamfuta ɗaya don gwaji kafin ka kai wa kowa.

Ga wanda bai riga ya saya ba, ra'ayinmu shi ne zubin da ya shekara a kasuwa ya fi wa mai aiki a nan, sai fa in gwajin pip download ya wuce ba tangarɗa. In dillali ya matsa, nemi ya bar ka kunna na'urar a shagonsa da filash ɗinka, ka girka fakitocin daga ciki, ka gudanar da aikinka na gaske minti goma sha biyar kana kallon zafin furosesa, domin abin da ya jure ɗaki mai sanyi ba lallai ya jure Marwa a watan Afrilu ba.