Yadda Kamfani Zai Ci Moriyar Manajan Riƙon Ƙwarya a Lokacin Sauyi

Sau uku ana kirana in riƙe kujerar manaja na 'yan watanni. A karo na farko kamfanoni biyu ne aka haɗe, a na biyu shugaban sashen kuɗi ya ajiye aiki ba zato ba tsammani, a na uku kuwa bashi ne ya kai wa kamfanin iya wuya. Duk inda na je, abu ɗaya ne ya ba ni ƙarfi: kowa ya san tafiya zan yi. Ba na neman ƙarin girma, ba ni da ɓangare a rigingimun ofis, saboda haka ina iya faɗin abin da ma'aikata suka daɗe suna haɗiyewa. Idan kuna shirin ɗauko irina, ga abin da nake roƙon ku yi.

Kafin ya taka ƙofarku, ku rubuta aikin a shafi ɗaya. Me zai kammala, kuma zuwa yaushe? "Ka gyara mana kamfani" ba umarni ba ne. "Ka haɗa sassan kuɗi biyu su koma ɗaya cikin wata shida" shi ne umarni.

Sannan ku ba shi iko na gaske, kuma a nan ne yawancin masu kamfani suke tuntuɓe. Mai ba da shawara yakan rubuta rahoto ya miƙa ya tafi. Shi kuwa mai riƙon ƙwarya zama yake yi a kujerar, ya sa hannu a takardu, ya ɗauki alhakin abin da ya biyo baya. A rubuta iyakar kuɗin da zai iya amincewa da su, da waɗanda suke ƙarƙashinsa, da wanda shi ma zai riƙa kai wa bayani. Shugaban hukumar daraktoci da kansa ya gabatar da shi ga ma'aikata, ba a bar shi ya gabatar da kansa ba. Da Steve Jobs ya koma Apple a 1997, da sunan riƙon ƙwarya ya karɓi shugabanci, amma an sakar masa mara har ya soke tarin kayayyaki ya mai da hankalin kamfanin kan nau'in kwamfuta huɗu. Da hannunsa a ɗaure yake, da bai iya ba.

Makonni biyun farko na sauraro ne. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ni nakan zauna da mutane ɗaya bayan ɗaya, tun daga darakta har mai kula da sito, in yi musu tambaya guda: me ke hana ka aikinka? Mai kula da siton nan sau da yawa ya fi kowa sanin inda kuɗi ke zurarewa. Idan matsalar ta kuɗi ce, abin da nake fara haɗawa shi ne jadawalin mako 13 na kuɗin da za su shigo da waɗanda za su fita, a riƙa sabunta shi kowane mako. Da shi ake sanin ko albashi zai fita, da shi kuma ake tunkarar banki da masu bin bashi ba tare da kame-kame ba.

Kada ku ɓoye wa ma'aikata gaskiya. Inda babu bayani, jita-jita ce ke mulki, kuma gwanayen ma'aikata su ne ke fara neman wani wurin. Idan dole sai an rage mutane, a yi shi sau ɗaya, bisa dokar ƙwadago, a biya kowa haƙƙinsa. Wannan shi ne ɓangaren aikin da ya fi ci mini rai, ban kuma taɓa sabawa da shi ba. Amma sallamar kaɗan-kaɗan duk wata ta fi muni, domin tana hana kowa barci.

Maganar miƙa ragama kuwa, tun ranar farko ake fara ta. A kamfani na biyu na yi kuskure: komai da hannuna na yi saboda sauri, ban zaunar da kowa kusa da ni ba. Wata biyu da tafiyata aka daina haɗa rahoton mako, al'amura suka fara komawa gidan jiya. Har yau abin yana damuna. Tun daga nan nake neman a ba ni ma'aikaci ɗaya na cikin gida wanda zai bi ni kowane taro. Starbucks, kamfanin shagunan kofi na Amurka, sun yi irin haka: tsohon shugabansu Howard Schultz ya dawo riƙon ƙwarya a Afrilun 2022, aka sanar da magajinsa Laxman Narasimhan a Satumba, ya yi watanni yana koyon aiki kafin ya karɓa a Maris na 2023.

A makon ƙarshe ku nemi takardar miƙa aiki mai ɗauke da abin da aka gama, da abin da ya rage, da alƙawuran da aka yi wa banki da ma'aikata. Ku kuma saka a kwantiragi cewa zai dawo bayan wata uku ya zauna da magajinsa yini guda, su bi takardar layi-layi.