Kurakuran da aka fi yi wajen shirya bikin cika shekarun ikilisiya a Accra

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne a tsayar da ranar biki ba tare da an duba abin da gari ke ciki ba. Kwamiti kan ce tunda a watan Mayu aka kafa ikilisiya, lalle a watan Mayu za a yi bikin cika shekara hamsin, har a buga katin gayyata, sannan a tuna cewa ƙasar nan ta ƙabilar Ga ce, 'yan asalin Accra. Kowace shekara kafin Homowo, bikin girbi na ƙabilar, Majalisar Gargajiya ta Ga takan hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda tsakanin Mayu da Yuni, kuma a lokacin ba a yarda a kafa lasifika a wajen majami'a ba, balle a fita titi da ganguna. Mafita ita ce a raba abin biyu: a yi sujadar godiya a ainihin ranar cikin majami'a, a jinkirta jerin gwano da shagali sai an ɗage dokar. Ko da an ɗage ma, Yuni watan ruwa ne, kuma duk wanda ya san yadda magudanun Nima ke cika ba zai kafa rumfa a fili yana mai dogaro da sa'a ba.

Ikilisiyar da ke Nima, Maamobi ko Sabon Zango tana zaune ne tsakiyar maƙwabta Musulmi, saboda haka a duba lokacin azumi da Sallah, kada kuma a fita jerin gwano a lokacin sallar Juma'a. Dokar Ghana ta 1994 kan tarukan jama'a ta wajabta a sanar da 'yan sanda aƙalla kwana biyar kafin irin wannan fita, abin da ake yawan mantawa sai ana jajibiri. Gayyatar sarkin zango da liman kuwa ba ta saƙon waya ba ce, dattawa ne za su kai da ƙafarsu. Masu cewa ba za su zo ba su tuna cewa Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya halarci cocin Katolika na Christ the King ranar Ista ta 2019. In an gayyace su, a ba mahauci Musulmi yanka.

Kuskure na biyu shi ne sakaci da tarihi. Wace shekara ake ƙirgawa daga gare ta: shekarar da aka fara addu'a a tsakar gidan wani, ko wadda aka aza harsashin gini, ko wadda aka turo fasto na farko? In ba a yanke wannan tun farko ba, gardama za ta tashi bayan an riga an buga shekarar a kan atamfa. A nemo rajistar baftisma da ta aure, a sa matasa su zauna da tsofaffin zumuntar mata su ɗauki muryarsu a waya, domin sau da yawa su ne suka riƙe sunayen masu bishara na farko da ba a rubuta a ko'ina ba. A ganina wannan aikin ya fi sabon fenti daraja, ko da yake fenti ne kwamiti kan fara sa wa kuɗi.

Atamfar biki tana son watanni, don haka a karɓi kuɗi kafin a ba da aiki, kada yadudduka su yi kwantai a ofishin fasto. Kada kuma a mai da ita dole, domin a cikin masu sujada akwai 'yan dako da masu gadi da ba za su iya saye ba, kuma kunya za ta hana su zuwa. Kuɗin biki a ware shi daga baiko, kada a tara shi a lambar MoMo (asusun kuɗi na waya) ta ma'aji shi kaɗai, a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a kowane wata.

Saura harshe. Bafrafra da Bakusase da Badagare, mutanen arewacin Ghana masu yaruka daban-daban, Hausa ce ta haɗa su a benci ɗaya, amma ranar biki sai a koma Turanci don a burge manyan baƙi, tsofaffin da suka kafa wurin su zauna shiru. A karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, a tanadi mai fassara tun da wuri, a kuma ƙayyade wa kowane mai jawabi minti biyar, a rubuta hakan a cikin takardar gayyatarsa.