Katin hoto mai sanyin ruwa: kurakuran da ke cinye kuɗin masu wasa a Legas

Kusan duk matashin da ya sayi katin hoto mai sanyin ruwa (katin da ke sarrafa hoton wasanni a kwamfuta, wanda ake sanyaya shi da ruwa) a Computer Village da ke Ikeja, abu ɗaya yake dubawa: zafin cif. Ya ga digiri 50 a MSI Afterburner, manhajar saita gudun kati, sai ya ɗauka magana ta ƙare, ya ja ma'aunin gudu zuwa ƙarshe. Daga nan ɓarna take farawa.

Cif ɗin ba shi kaɗai yake zafi ba. Memorin GDDR6X da ke kan RTX 3080 da 3090 yana rage gudu da kansa idan ya kai digiri 110, kuma a 3090 rabin memorin yana bayan allon ne, inda ruwa ba ya ratsawa sai an sa faranti na musamman. Buɗe manhajar HWiNFO64 ka duba zafin memori, ba na cif kaɗai ba. Idan ya haura 95 kana wasa, to matsalar daga tamal fad ɗinka ne, wato shimfiɗa mai laushi da ke kwashe zafi daga memori. Mutum zai sayi bulo mai tsada, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a kan kati ruwa ya ratsa ta cikinsa, sannan ya ɗauko kowane fad ya manna! Kaurin da kamfanin bulon ya rubuta, ko milimita 1 ne ko 1.5, shi za ka sa, ba ƙari ba ragi. Mai kauri yana ɗaga bulon daga cif, siriri kuma ba ya taɓa memorin. Bayan ka ɗaure sukurori, kwance ka duba: kowane fad ya nuna tambarin abin da ya danna, man tamal da ake shafawa a kan cif kuma ya baje har gefe.

Sai ruwa, wanda shi ne ya fi ba ni haushi. Kada ka zuba ruwan leda, ko na famfo, ko na burtsatse. Gishirin da ke cikinsu yana toshe ƴan siraran hanyoyin bulo, ga gansakuka da zafin Legas ke haifarwa cikin ƴan watanni. Tataccen ruwa da maganin kashe ƙwayoyi, ko haɗaɗɗen ruwan da aka yi don wannan aiki. In ruwan batir za ka saya, tabbatar ba mai asid ba ne. Kada kuma ka haɗa lagireton alminiyam da bulon jan ƙarfe a layi ɗaya, domin alminiyam ɗin zai dinga cinyewa har ya huje. Ni dai duk wata shida nake ganin ya dace a sauya ruwa a garin nan, ko da kamfani ya ce shekara.

Ruwa ba ya sanyi fiye da iskar ɗakinka. Ɗaki a Agege da rana, ba AC, yana haura digiri 30, don haka lambobin da ka gani a bidiyon mutanen Turai ba naka ba ne. Kati mai cin wat 450 kamar RTX 4090, kada ka ba shi ƙasa da lagireto mai milimita 360.

Wajen ƙara gudu, bi a hankali. Ƙara 15 MHz a cif, gwada da 3DMark Time Spy, manhajar da ke ba kati maki, sannan ka ƙara. Memori kuma 100 MHz kowane mataki, idonka a kan maki. GDDR6X yakan sake aika bayanan da suka lalace, saboda haka wasa ba zai tsaya ba, makin ne zai sauka. Da ya fara sauka, koma baya mataki biyu.

Famfon da ke tura ruwan kada ya zama shi ne a sama da komai, iska za ta taru a cikinsa. Gwajin yoyo awa 24, famfo kaɗai ke aiki, da tishu a ƙarƙashin kowace mahaɗa. Danna fulogin 12VHPWR, wanda ke kai wa katin wuta, har ya shige ƙarshe. Hura lagireto duk wata lokacin hunturu. In kuma a janareta kake wasa, sa UPS, na'urar da ke riƙe wuta da batir, a tsakani, ka kuma mayar da gudun katin yadda ya zo daga kamfani.