Yadda ake noman alkama ta yi yawa kuma ƙwayarta ta cika

Alkama amfanin sanyi ce, duk wanda zai noma ta a Kadawa ko Auyo ko Bakolori to da hunturu yake tsere, in ya riga sanyi fita ya ci, in sanyi ya riga shi sai dai haƙuri. Shi ya sa zaka ga gonaki biyu maƙwabta, taki ɗaya, ruwa ɗaya, amma wannan ya ɗauki buhu 35 a hekta wancan ko 15 bai haɗa ba, kuma ƙwayar tasa duk a motse. Bari mu bi abin daki-daki.

Abu na farko, ranar shuka. Ka shuka tsakanin 15 ga Nuwamba zuwa farkon Disamba, in abu ya yi tsanani kada ka wuce tsakiyar Disamba. Lissafin mai sauƙi ne, irin da muke da su suna kai kwana 90 zuwa 100 kafin su nuna, to wanda ya shuka a Nuwamba alkamarsa zata fidda kai a Janairu, ta cika ƙwaya cikin sanyin Janairu da Fabrairu, ya yanka kafin bazara ta kankama. Shi kuwa wanda ya bari sai Janairu, lokacin da ƙwaya take nono ya faɗo cikin Maris, ga Kano a Maris zafi yana wuce digiri 35 da rana, ita kuma alkama da zafi ya haura 30 sai ta yi hanzarin bushewa tun ƙwaya bata gama ƙunsar gari ba. Abinda ake samu kenan, tsaba siririya mara nauyi, kwano ya cika a ido amma a kan sikeli babu komai, a wajen niƙa ma dusa ta fi gari. Na san matsalar, yawanci shinkafar damina ce take riƙe gonar har Disamba, ko a yi ta jiran takin tallafi. To in kana da niyyar alkama tun damina zaka fara shiri, ka sa shinkafa mai saurin nuna don gona ta fita da wuri. In kuwa Janairu ta kama ka baka shuka ba, ni dai shawarata ka sa wani abu daban, kada ka zuba kuɗinka a rijiya.

Na biyu iri. Cibiyar binciken Tafkin Chadi dake Maiduguri ita ke da alhakin fidda irin alkama a Najeriya, kuma cikin wadanda manoma suka sani akwai Atila da Norman da Reyna 28, an zaɓo su ne saboda suna ɗan jure zafi kuma gajeru ne basa saurin kwanciya in sun sha taki. Tsohon iri na gida dogo ne, da ka ƙara masa yuriya sai ya zube ƙasa. Amma fa kafin ka zaɓa ka tambayi kanka wa zai saya. Kamfanonin fulawa suna son ƙwaya mai tauri iri ɗaya wadda garinta ke da danƙo don burodi ya tashi, masu gurasa da alkaki da funkaso da taliyar murji su ma suna da wadda hannunsu ya saba da ita, je ka kasuwa ka tambayi dillalai wacce ta fi tafiya kafin ka sayi iri ba bayan ka girbe ba.

Alkama ba kamar masarar aure bace, zaka iya ajiye irinka ka sake shukawa, matsalar dai gauraya ce. In ka ga gona wasu kawuna sun yi tsawo wasu gajeru, wasu sun nuna wasu ɗanyu, to irin ya cakuɗe, ka sabunta. Kuma ka gwada shi kafin shuka, ƙirga ƙwaya 100 ka shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, bayan mako guda in ƙasa da 85 suka tsiro ka ƙara yawan irin ko ka canza shi.

Gyaran gona ba wani dogon zance, ƙasa mai riƙe ruwa amma ba mai kwantar da shi ba, a yi haro ta yi laushi, a fidda fangali a daidaita shi sosai don kada wani gefe ya nutse wani ya ƙone. Iri kilo 100 zuwa 120 a hekta. Yafawa ta fi sauri, amma layi mai tazarar santimita 20 zuwa 25 ya fi ba da tsiro iri ɗaya, kuma kada zurfin ya wuce santimita 5.

Taki kuma raba shi ake yi. A hekta ɗaya, wajen buhu 6 na NPK 15:15:15 lokacin shuka, sai yuriya buhu 2 zuwa 3 a raba biyu, kashin farko a mako na uku zuwa na huɗu lokacin da take 'ya'ya, na biyu dab da zata ɗauki ciki. Wannan na biyun mutane ke yawan tsallakewa wai ai gona ta riga ta yi kore, alhali shi ne yake shiga ƙwaya ya ƙara mata furotin, wato danƙon nan da masu burodi ke nema. Na farko yana ƙara yawan kawuna, na biyu yana gyara abinda ke cikin kan. Ka zuba takin lokacin da ƙasa ke da laima, kada ka watsa a kan busasshiyar ƙasa rana na dukanta.

Ban ruwa duk kwana 7 zuwa 10 gwargwadon ƙasarka, mai yashi ta fi saurin ƙishi. Amma akwai lokutan da ko bashi zaka ci ka sayi fetur ɗin inji, wato wajen kwana 21 da shuka lokacin da saiwa ke kafuwa, da lokacin fidda kai, da lokacin da ƙwaya take nono. Ƙishi a wannan na ƙarshen motsa ƙwaya yake yi daidai da yadda zafi ke yi. Kuma in ta yi kai kada ka ba da ruwa ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi, ƙasa ta jiƙe iska ta buga sai ka wayi gari ta kwanta. Da zarar ƙwaya ta fara tauri kai ya koma ruwan ɗorawa sai a tsayar da ruwa. Ciyawa a cire ta cikin wata na farko, tsuntsaye kuma, musamman jan baki, sai an sa masu kora tun daga lokacin nono.

Yanka kuma kada a yi gaggawa kada a yi sakaci. Murza kai a tafin hannu ka ciji ƙwaya, in ta ce ƙas ta yi, in haƙori ya nutse da saura. Barinta ta wuce lokaci zubewa take yi a gona. A casa a kan tamfol ba a ƙasa ba, don tsakuwa da yashi na karya farashi nan take, a shiƙe, a ƙara shanyawa kwana biyu zuwa uku sannan a ɗura. Wadda zaka ajiye ta iri ka ware ta daga tsakiyar gona inda tafi kyau, ka sa ta a buhu mai leda a ciki ka ɗaure tam, ka ɗora kan katako nesa da bango.